Tiyatar rage tumbi: Likita na Istanbul, gyambo na Tirmini

Duk mai riƙe da babbar waya a Damagaram, ko Maraɗi, ko Kano, ya taɓa cin karo da hoton nan mai gida biyu a TikTok ko Instagram. A hagu mace ce tumbi ya zubo mata, a dama ita ce dai, ciki ya shafe kamar ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. A ƙasan hoton ga lambar WhatsApp, ga alkawarin otel da motar ɗauko baƙi daga filin jirgi da tafinta, duk a kuɗi ɗaya. Hoton da ba a sakawa shi ne na mako na biyu da na uku, lokacin da mai tiyatar ta riga ta koma gida, tsakiyar ɗinkin ya soma yin baƙi, ruwa na tsiyaya, likitan da ya yi aikin kuma yana can wata nahiya yana duba wata.

A wannan tsakanin ne mafi yawan wahalar take, kuma shi ne ɓangaren da ba a sayarwa a cikin kuɗin. Yanka aikin sa'o'i ne, warkewa kuwa aikin makonni, wani lokaci watanni. Likita na iya zama gwani, asibiti ya yi ta ƙyalli, amma rauni ba a can zai warke ba. Zai warke ne, ko ya ƙi warkewa, a ɗakin da matar za ta kwanta bayan ta dawo.

Sunan da ake kiran aikin ma yana rage masa nauyi, kamar dai tela ne zai rage faɗin riga. A haƙiƙa likita yakan tsaga fatar mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga fata da kitsenta daga jikin naman ciki har zuwa kusa da haƙarƙari, ya ɗinke naman da ya saki, ya ja fatar ƙasa, ya yanke rarar, sannan ya huda wa cibiya sabuwar kafa. Wajen ɗaga fatar nan ana yanke ƙananan jijiyoyin jini da yawa waɗanda ke ciyar da ita. Jinin da ya rage mata daga gefe yake zagayowa, kuma wurin da ya fi nisa da shi shi ne tsakiyar ɗinkin, saman mara, daidai inda fatar ta fi ɗamewa. Shi ya sa nan ne ɗinki ya fi buɗewa, nan ne fata kan mutu. Tsakanin fatar da aka ɗaga da naman ciki kuma akwai fili da ruwa ke taruwa, don haka ake saka robar tsiyayar da ruwa na wasu kwanaki. In aka cire ta da gaggawa don kada jirgi ya tashi ya bar mutum, ruwan kan sake taruwa, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama.

Wanda ke ganin kuɗi kaɗai garkuwa ne ya tuna Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na wancan lokaci, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitsen ciki. A 2009 kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, bayan an tabbatar cewa bututun aikin ya huda mata hanji kuma ba a gano da wuri ba. A Amurka, Donda West, mahaifiyar mawaƙin nan Kanye West, ta rasu a Nuwamban 2007, kwana ɗaya bayan an yi mata tiyatar gyaran jiki da ta haɗa da rage tumbi. Mutuwarta ce ta sa jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta wajabta duba lafiyar mutum kafin irin wannan aiki. Waɗannan mata ne da manyan asibitoci ke kusa da su.

To, a ɗauki misalin wadda za ta koma jinya Tirmini, garin da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Takeita zuwa Damagaram, ƙasa da kilomita 30 daga birnin. A ce 'yar kasuwa ce mai zuwa sarin kaya Turkiyya, ko matar wani ɗan ci-rani da ya turo kuɗin, ta zaɓi ta zo wurin mahaifiyarta don a can ne za a kula da ita ba tare da idon maƙwabta ba. Daga asibiti ta yi sa'o'i a jirgi zuwa Yamai, sannan ta zauna a bas kusan kilomita 900 ƙafafu a lanƙwashe. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin tiyatocin gyaran jiki, ta rage tumbi na cikin waɗanda suka fi haddasa daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma kan iya tafiya ya toshe huhu. Doguwar zama ce abokiyarsa. Tun ba a kai ga maganar ɗinki ba ke nan.

Ta iso. Idan bazara ce, zafin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, ga matsattsiyar rigar da aka ce ta sa dare da rana na makonni, gumi na taruwa daidai lanƙwasar mara. Idan damina ce, matsalar ta fi haka wayo. Duk zazzaɓin da ya zo a watan Agusta, kowa a gidan zai ce na cizon sauro ne, a sayo magani a sha, a jira kwana uku. Kwana ukun nan su ne ratar da ke tsakanin ciwon da nas zai wanke ya saka bandeji da ciwon da sai an koma ɗakin tiyata an kankare ruɓaɓɓen nama. Takardar da ake ba marasa lafiya a waje kan ce a lura da jan fata a gefen ɗinki, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin lura a nan shi ne wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi zafi a tafin hannu, ko ya kumbura yana sheƙi, da ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da wari, da mugunya. Zazzaɓi ga wadda aka yanka cikin wata guda maganar ɗinki ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Sai kuma kulawar gida, wadda da ƙauna ake yin ta. Uwa ko gwaggo da ta yi wa 'ya'yanta wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, in ta ga ciki a kumbure abin da ta sani shi ne gashi. Amma fatar ƙasan cibiya bayan wannan tiyata a mace take na tsawon watanni, saboda an yanke jijiyoyin da ke kai mata ji. Tsumma mai zafi zai iya ƙona ta har ta sale matar ba ta ji komai ba. Ƙuna a kan fatar da jininta ya riga ya yi ƙaranci ba ƙaramin gyambo take bari ba.

Akwai abubuwan da matar kan tafi da su tun daga gida ba tare da ta faɗa wa likita ba, shi kuma mai karɓar kuɗi ta WhatsApp ba zai matsa da tambaya ba. Ciwon suga da ba a taɓa aunawa ba. Ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga matan da suka yi haihuwa kusa da kusa. Shisha, wadda 'yan birni ke ɗauka ba taba ba ce, alhali sinadarin nikotin da ke cikinta na matse ƙananan jijiyoyin jini, kuma likitocin kirki kan ƙi yin wannan aiki sai mutum ya bar hayaƙi makonni kafin ranar. Wanda aka fi jin kunyar faɗa shi ne man bilicin. Da yawa daga cikin mayukan nan na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri, ya raunana garkuwarta, ya jinkirta haɗewar rauni. Matar da ta shekara biyar tana shafa shi ta kai wa likita fatar da ba za ta riƙe zare yadda ya kamata ba, shi kuwa bai sani ba.

Idan ciwo ya soma ruwa, mataki na farko a ƙauye da birni ɗaya ne: mai tallan magani a bakin tasha, kafso biyu yau, uku gobe, wani ma a buɗe shi a barbaɗa garin a kan raunin. Wannan ba ya kashe ƙwayar cutar, horar da ita yake yi. Wasu ƙwayoyin ma maganin yau da kullum ba ya taɓa su. A 2013 da 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun matan da suka dawo daga tiyatar gyaran jiki a Jamhuriyar Dominika ɗauke da wata ƙwaya 'yar dangin ta tarin fuka, wadda kan ɗauki makonni kafin ta bayyana, ta kuma buƙaci magani na watanni da sake yanka. Gano irin wannan sai an ɗebi mugunyar an kai ɗakin gwaji. Ƙaramin asibitin karkara ba shi da wannan, sai dai ya tura mutum birni.

Birnin kuwa ba zaman banza yake ba. Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro suna karɓar jama'ar jiha guda: masu naƙudar da ta gagara, yaran da taifod ya huda wa hanji, waɗanda suka yi haɗari a hanya. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun tsakiyar shekarun 2000, kuma wannan ya ceci rayuka, amma yankan da ke fito da jariri a mara ɗaya yake da na rage tumbi, kuma shi ma yana ruɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata kan kamu da cuta a raunin, a Afirka kuma adadin kan kai kashi 20 cikin 100 ga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka na duniya sau biyu, duk da cewa marasa lafiyar sun fi ƙuruciya, kuma kusan duk mace-macen sun faru ne a kwanakin da suka biyo baya, ba ranar aikin ba. Cikin wannan layi ne mai dawowa daga Istanbul ko Tunis ko Legas za ta shiga, sau da yawa ba ta da ko takardar da ke bayyana abin da aka yi mata.

Mafi sauƙin abu shi ne a ce ita ta jawo wa kanta, ba ta gode wa halittar Allah ba. Ana faɗin haka a ƙarƙashin kowane labari irin wannan a Facebook, kuma wannan magana na cikin abin da ke kashe mata. Wadda ta san gorin da ke jiranta ba za ta kwance zani a gaban nas ɗin da ya san danginta ba. Za ta ce ƙaba aka yi mata, ko ta yi shiru tana tura wa wani a ƙasar waje hoto, ana ba ta amsa da cewa ba komai, haka yake yi. Kuma ba kowace ce kwalliya ta kai ta ba. A jihar da mace kan haifi bakwai ko takwas, naman ciki kan rabe gida biyu ya ƙi komawa, cibiya ta turo, baya ya riƙa ciwo, fatar da ta zubo ta riƙa sabewa a ƙasa. Wasu kuma habaicin miji da barazanar kishiya ne suka tura su. Mijin da ya yi gorin tumbin da 'ya'yansa suka bari, ba a cika ganin sunansa a cikin masu laifi ba.

'Yan ci-rani, waɗanda galibi su ke biyan kuɗin, su ne suka fi kowa damar gyara lamarin. Wanda ya iya biyan tikiti da tiyata amma bai ware kuɗin ƙarin makonni a garin da aka yi aikin ba, har a cire roba, likitan ya ga ɗinkin da idonsa ya sallame ta, rabin aiki ya saya. Kafin a tashi ya kamata a ce an auna suga da yawan jini a gida, an kuma sami likitan tiyata a Damagaram ko Maraɗi ko Kano wanda ya san da tafiyar, ya yarda zai duba ta in ta dawo. Asibitin da ya ƙi ba da rahoton aikin a rubuce, da Faransanci ko Ingilishi, da sunan likita da magungunan da aka ba ta, ya riga ya nuna irin amsar da zai bayar ranar da ɗinki ya buɗe.

Hukumomin lafiya na jiha su ma suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma masu tiyatar haihuwa ne za su fi cin moriyarsa. Kowace mace da aka yanka a mara, ko don haihuwa ko don wani abu, a sallame ta da bayani da Hausa, a baki da a rubuce, na alamomin da za su sa ta dawo a ranar ba sai gobe ba. Nas ɗin ƙaramin asibiti a Tirmini ya kasance yana da lambar wayar sashen tiyata a birni, da ikon ɗaukar hoton rauni ya tura a ba shi amsa kafin a nemo motar da za ta kai ta. Tambayar farko da zai yi wa mace mai zazzaɓi kuma, kafin ya tsaga ledar gwajin maleriya, ita ce ko an yi mata aiki cikin watan nan.