Ƙananan Gadojinmu da Nauyin Manyan Motoci

Duk mai bin hanyar Kiyawa zuwa Jahun har Gujungu ya san irin tirelolin riɗi da hatsi da ke ratsa ƙananan gadojinta. Amma ba kowa ya san cewa mota mai gudu ta fi ta tsaye gallaza wa gada ba, balle in ta faɗa rami a bakinta. Shi ya sa ƙa'idar injiniyoyin Amurka ke ƙara kashi 33 cikin 100 kan nauyin babbar mota wajen zayyana gada. Hanyoyin karkara, masu ramuka da lodin wuce kima, su suka fi bukatar wannan rarar. Wajibi ne Ma'aikatar Ayyuka ta Jigawa ta hana 'yan kwangila tauye ta, ta kuma cike ramukan bakin gadoji kafin damina ta kankama.