Kafin a Tsine wa Dodo, a Tambayi Maƙerinsa

Akwai nau'in fim da ake yi da 'yan tsana na yumɓu da roba da waya. A gusa hannun 'yar tsana kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki hoto, a sake gusawa, a sake ɗauka. Sai an tara hotuna 12 zuwa 24 kafin a cika sakan ɗaya. Da yawa na ɗaukar wannan wasan yara ne. A ganina kuwa, babu hanyar da ta kai ta dacewa da labarin mutumin da ya ƙera abu da hannunsa sannan ya juya masa baya.

Dubi Mad God na Phil Tippett, Ba'amurken da ya motsa manyan injinan yaƙi masu ƙafa huɗu a The Empire Strikes Back a 1980. A Mad God, wani mai rufin fuska yana gangarawa ƙarƙashin ƙasa, taswirar hannunsa na marmashewa, ya iske ma'aikata marasa fuska suna ta wahala. Injin ya murƙushe wannan, wuta ta cinye wancan, babu mai waiwaye, domin ana ƙera wasu. Tarihin fim ɗin ma haka yake. Tippett ya fara shi wajen 1990, amma da Jurassic Park ya nuna kwamfuta ta karɓe kasuwa sai ya jingine aikin kusan shekara 20. Matasan ma'aikatansa ne suka zuga shi ya koma, jama'a suka tara kuɗi ta shafin Kickstarter a 2012, fim ɗin ya fito a 2021.

Wasu za su ce ƙazanta ce da jini kawai, ina darasin? Gaskiya ba fim ne na kallo da yara ba. Sai dai munin ba ado ba ne, hujja ce. Tun a littafin Frankenstein na Mary Shelley, 1818, dodon bai fara da kisa ba. Wanda ya harhaɗa shi ne ya tsere daga ɗakin a daren da ya buɗe ido. Wulaƙanci ya riga mugunta. Abin da aka yasar ba ya yin kyau, wanda ya nuna shi fes kuwa ya yi ƙarya.

Wasu kuma za su ce kwamfuta ta fi sauri da tsafta. Haka ne, amma tsaftar ce matsalar, don tana ɓoye hannun mai aiki. 'Yar tsana kuwa 'yar karkarwar da ke tafiyarta na tuna wa mai kallo cewa wani ya taɓa ta sau dubbai, kuma da zarar ya janye hannu ta koma tarkace a kan tebur. Shi ya sa tsoron ba ya tsayawa a kan haƙoran dodo, yana komawa kan mai shi. Ko na'ura mutum ya ƙera, ko gari ya kafa, ko ɗa ya haifa, nauyin ba ya sauka ranar da aka gama. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.