WAI BOGA SUKA JE CI!

Wani sabon salo ya shigo wa wasu samarin Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi. Saurayi zai yi baƙo daga wani gari, maimakon ya kai shi su ci gurasa da tsire a bakin titin Zariya, sai ya ja shi har wata tsohuwar mashaya a Sabon Gari. In an tambaye su sai su ce wai boga suka je ci, ba su sha komai ba sai lemo.

To, wa ake yaudara? Boga dai burodi ne da niƙaƙƙen nama a tsakiya, ga shi nan birjik a gidajen abinci na titin Gidan Zu, kusa da gida. Sai na mashaya ne mai daɗi? Manzon Allah (S) ya hana mumini zama inda ake zagayawa da giya, ko da bai kurɓa ba. Sannan naman nan, wa ya yanka shi? Kuɗin bogar da na kwalbar kuwa aljihu ɗaya suke shiga. Laifin ɗan gari ya fi yawa, don shi ya san lungun, baƙo kuwa amana ne a hannunsa.

Su ma mahukunta kada su ɗaga kafaɗa. An ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, a 2013 Hisba ta murƙushe kwalabe 240,000 a bainar jama'a. Amma mashayun suna nan daram, kuma duk wata jihar na karɓar kasonta na harajin VAT, har da wanda aka tara daga giyar.