Tushen Ƙwaƙwalwa da Feshin Fadamar Haɗeja

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noma a fadamar Kogin Haɗeja ya sake kama. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, shinkafa da alkama da tattasai da albasa sun zama hanyar arzikin dubban magidanta, kuma tsadar 'yan ƙwadago ta sa tankin feshi ya karɓe aikin fartanya a gonaki da dama. Ba mu ƙi wannan ci gaba ba. Amma ra'ayinmu shi ne, akwai wani ɗan sashe na jikin mai feshin da ya kamata kowane ɗalibin sakandare a ƙasar Haɗeja ya san shi kafin ya goya tanki, domin idan ya lalace ba ya sake tohowa.

Ɗora yatsanka a ƙeya, ya kai mai karatu. Can ciki, inda laka ta haɗu da ƙwaƙwalwa, akwai wani gaɓa mai kaurin babban yatsa wanda masana ke kira tushen ƙwaƙwalwa. A cikinsa akwai wasu ƙananan gungu-gungu na ƙwayoyin jijiya waɗanda aikinsu shi ne ƙera sinadarai uku 'yan gida ɗaya, da ake yi wa laƙabi da katekolamin: dofamin, da noradirenalin, da adirenalin. Duka ukun daga tairosin suke fitowa, wani sinadari da jiki ke samu a wake da kifi da nono, kuma a jere ake ƙera su, daga dofamin a sami noradirenalin, daga shi kuma a sami adirenalin. Ɓera da akuya da raƙumi da ɗan Adam, duk wata dabba mai shayarwa tana da waɗannan gungu.

A shekarar 1964 wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, Annica Dahlström da Kjell Fuxe, suka zana taswirarsu a ƙwaƙwalwar ɓera ta hanyar wata dabara mai sa ƙwayoyin su yi ƙyalli a ƙarƙashin madubin bincike. Suka ba su lambobi da harafin A. Gungun A1 zuwa A7 na noradirenalin ne, A8 zuwa A10 kuwa na dofamin. Bayan shekara goma, a 1974, aka gano masu adirenalin, aka sa musu harafin C. Na ƙasa-ƙasa, irin su A1 da C1, suna taimakawa wajen daidaita ƙarfin jini. Gungun A6, wanda ake kira shuɗin tabo saboda launinsa, shi ne mai farkar da hankali. Shi ke sa ɗalibi mai gyangyaɗi ya yi firgigit idan malami ya kira sunansa. Ƙwayoyinsa ba su kai dubu ɗari ba a ƙwaƙwalwar da ke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, amma rassansu sun ratsa kusan ko'ina.

Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne gungun A9, wanda a jikin mutum yake da duhu har aka sa masa suna baƙin abu. Dofamin ɗin da yake aikawa shi ke sa motsi ya zo da sauƙi, mutum ya miƙe, ya yi taku, ya ƙulla igiya ba tare da tunani ba. Idan ƙwayoyinsa suka riƙa mutuwa, sai hannu ya soma karkarwa ko mutum na zaune, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daina nuna fara'a. Wannan ita ce cutar da likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, wadda ta ɗauki sunansa, wadda kuma ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali. A 1960 Oleh Hornykiewicz na ƙasar Ostiriya ya nuna cewa dofamin ya ƙare a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ita. Abin tsoro a nan shi ne, kafin alamun su bayyana kusan rabin ƙwayoyin sun riga sun mutu, kuma har yau babu maganin da ke mayar da su.

To, mene ne haɗin wannan da fadama? A 1982 a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa masu allurar kayan maye suka sandare cikin 'yan kwanaki tamkar tsofaffin da suka daɗe da cutar. Likita William Langston ya gano cewa wani gurɓataccen sinadari ne mai suna MPTP ya tsinci gungun A9 ya hallaka shi. Sai masana suka lura cewa abin da wannan sinadari ke rikiɗewa ya zama a cikin ƙwaƙwalwa, ginin ƙwayarsa ya yi kama ƙwarai da farakwat, maganin ƙona ciyawa da manoma suka sani da sunan Gramoxone. A shekarar 2000 kuma masu bincike a Jami'ar Emory suka riƙa ba ɓeraye rotinon, sai ƙwayoyin dofamin ɗinsu suka lalace. Rotinon ba baƙo ba ne a gare mu, domin shi da danginsa su ne dafin da ke cikin majimfa, tsiron da masunta suka daɗe suna dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso. Aikinsa shi ne toshe murhun da ƙwayar jiki ke samun ƙarfi daga gare shi, ƙwayoyin A9 kuwa masu yawan rassa ne da yawan buƙatar ƙarfi, don haka su ke fara jigata. A 2011 wani bincike a kan manoman Amurka ya nuna cewa waɗanda suka yi aiki da farakwat ko rotinon sun fi sauran kamuwa da cutar kusan ninki biyu da rabi.

Wani zai ce, ai tsufa da gado su ma suna kawo cutar, kuma manoma nawa ne suka shekara talatin suna feshi lafiya ƙalau? Wannan gaskiya ne. Har hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a 2021 hujjar da ke kan farakwat ba ta kai a yanke hukunci ba. Amma Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa cutar Parkinson ciwon sana'a ce ga manomin da ya daɗe yana feshi. A nan gida hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 cewa ta sa farakwat cikin magungunan da za a daina shigowa da su da sayarwa. Idan masana na gardama a kan ko akwai kada a mashigi, mai hankali ba ya tura ɗansa ya gwada. Balle farakwat ko ba maganar ƙwaƙwalwa, kurɓi ɗaya nasa yana iya ƙona huhu ya kashe mutum.

Wani kuma zai ce talaka ba shi da kuɗin kayan kariya. Amma yawancin abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Kada a busa bakin feshi da baki idan ya toshe. Kada a gauraya magani da hannu. Kada a yi feshi ana fuskantar iska, ko babu takalmi da riga mai dogon hannu. Kada a wanke tanki a kogin da ake sha ana kama kifi, kada kuma a mayar da galan ɗin magani na zuba ruwa ko man gyaɗa. Fiye da komai, kada a ɗora wa yaro tanki.

Saboda haka muna kira ga malaman ilmin halittu a makarantun Haɗeja da Malam Madori da Kafin Hausa, idan sun zo darasin ƙwaƙwalwa su zana tushenta a allo, su nuna gungun A9, su haɗa shi da abin da ɗalibai ke gani a gonakin iyayensu. Malaman gona na hukumar JARDA su kai wannan bayani ga masu sayar da magani a kasuwannin ƙauye. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma su ne suka fi cancanta su ƙidaya masu karkarwa a garuruwan fadama, su auna ta da shekarun da kowa ya yi yana feshi.

Ku kuma ɗalibai, idan kuka ga hannun dattijo yana rawa yana zaune, tafiyarsa ta ragu, kada ku bari a ce sammu ne ko iska, ko a ce tsufa ne kawai a ƙyale shi. A kai shi asibiti. Akwai maganin da ake kira lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, yana kuma sassauta cutar shekaru masu yawa ko da yake ba ya warkar da ita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan waɗannan 'yan ƙwayoyi maganar ta zauna daram. Allah ya ba mu damina mai albarka da lafiyar cin amfaninta.