Sokratis Bai Koyar da Shakka Ba

Akwai wata magana da ta zauna a bakin waɗansu masu ilimin boko. In aka tambaye su ko abu kaza daidai ne ko mugunta ce, sai su taɓe baki su ce ai ba wanda ya san gaskiya, kowa da tasa. Har sukan kafa hujja da Sokratis mutumin Atina, wai shi ma ya ce bai san kome ba. Wannan ƙazafi ne ga mamaci, ya kuwa kamata a wanke shi.

Sokratis bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Almajirinsa Filato ne ya ba da labarin yadda abin ya faro. Wani abokinsa, Kerefon, ya tafi ɗakin tsafin Afolo a Delfi ya yi tambaya ko akwai wanda ya fi Sokratis hikima, aka amsa masa babu. Sokratis ya yi mamaki, gama bai ɗauki kansa mai hikima ba. Sai ya shiga gari neman wanda ya fi shi. Ya tambayi masu mulki, ya tarar suna ne kawai gare su. Ya tambayi mawaƙa, suka kasa bayyana ma'anar waƙoƙin bakinsu. Masu sana'ar hannu kuwa lalle sun san aikinsu, amma don mutum ya iya ƙira ko jima sai ya ga kamar ya iya shari'ar dukan duniya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A nan Sokratis ya gane abin da ya fi su da shi: abin da bai sani ba, ba ya zaton ya sani. Ya kuma ƙarasa da cewa hikimar ɗan Adam ƙanƙanuwa ce ƙwarai in aka gwada ta da ta Allah.

To, ina shakka a cikin wannan? Mai karatu ya dubi ayyukan mutumin. A shekara ta 406 kafin haihuwar Almasihu, jama'ar Atina suka husata, suka so a yanke wa shugabannin yaƙinsu hukunci a dunƙule, abin da doka ta hana. Sokratis yana cikin majalisa a lokacin, ya ƙi, ko da yake taro yana ta yi masa ihu. A 404, azzalumai 30 da suka ƙwace mulki suka aike shi tare da mutum 4 su kamo Leyon na Salamis don a kashe shi. Huɗun suka tafi, shi kuwa ya koma gidansa. A 399, yana da shekara 70, aka kai shi ƙara wai yana ɓata matasa, ba ya kuma girmama allolin birni. Aka yanke masa hukuncin kisa. Abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, domin a wurinsa ba a rama mugunta da mugunta. Ya sha dafin ya mutu. Wanda ya ɗauka gaskiya da ƙarya duk ɗaya ne ba ya ba da ransa haka.

Koyarwar nan ta kowa da gaskiyarsa tana da mai ita. Ta fi kusa da Furotagoras mutumin Abdera, wanda ya mai da mutum ma'aunin kome, yana kuma karɓar kuɗi yana koya wa 'ya'yan attajirai cin gardama. Sokratis bai karɓi ladan koyarwa ba, ya kuwa yi ta jayayya da irin waɗannan malamai.

Wani zai ce ai sau da yawa muhawararsa takan ƙare ba amsa. Haka ne. Amma mai haƙa rijiya da ya kai gaba goma bai ga ruwa ba, ya kuma komo da gatarinsa washegari, ya tabbata akwai ruwa a ƙasa. Wanda ya ce babu ruwa, inuwa yake nema ya kwanta.

Sokratis ba annabi ba ne, yana kuma miƙa hadaya kamar sauran Helenawan zamaninsa. Duk da haka ya rarrabe abu biyu da mutane suke garwayawa har yau: tawali'un mai cewa bai kai ga sani ba tukuna, da ragwancin mai cewa babu abin sani. Duk wanda yake so ya ari sunansa, bari ya fara tambayar kansa abin da zai ƙi aikatawa ko da za a kashe shi. In ya rasa amsa, ya bar Sokratis ya huta.