Wai Me Ake Ci A Randagi?

Ina neman gafara tun daga farko, domin maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman 'yan kwamitin da suka shirya mana baje kolin "abincin gargajiya" a bikin Makon Hausa da ya wuce. Ran nan na ga abin mamaki. An jera sababbin ƙore da akusa a kan tebur, kowanne an liƙa masa 'yar takarda da sunansa, sai ka ce kayan gidan tarihi. 'Yan mata suka sha saƙi, samari suka ɗora malfa, aka yi ta ɗaukar hoto. Da taro ya watse masu shara suka kwashe dambun da faten, mu kuwa muka zarce wajen mai shayi aka dafa mana taliyar leda da ƙwai. A can ne wani abokin karatuna, da ya ji na ce gida za ni hutu, ya dube ni ya ce, "Wai don Allah me ake ci a Randagi? Ko gidan abinci ɗaya kuna da shi?" Aka kwashe da dariya, ni kuma na yi yaƙe. Amsar da na kasa ba shi a ranar ita ce wannan.

Randagi dai gari ne na manoma a yammacin ƙasar Birnin Gwari, cikin Jihar Kaduna. To, malam, in gidan abinci kake nema mai allo a ƙofa da yaro mai kawo takardar kuɗi, ban taso na ga irinsa ba, kuma ba mu taɓa jin rashinsa ba. A wurinmu abin kunya ne baƙo ya kwana a unguwa da tuwon saye a cikinsa. Da an idar da sallar magariba za ka ga yara suna fitowa daga gidaje ɗauke da kwanoni, a jera su a ƙofar gidan dattijon unguwa, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na biyu. Wannan ita ce ciyayya. A zama ɗaya sai ka ɗanɗana tuwon dawa da miyar kuka, da na masara da busasshiyar kuɓewa, da na shinkafa da taushe, kuma ba mai tambayar wanda bai kawo ba me ya sa. Wane otel ne a Kaduna zai ba ka girkin mata biyar a dare ɗaya, ya kuma rufa asirin wanda rumbunsa ya ƙare?

Na saye kuwa akwai shi, sai dai sai ka san ƙofar. Da sassafe koko da ƙosai, ga wanda bai sami ɗumame ba. Da hantsi 'yan talla su fito da ɗanwake da kwaɗon zogale ko na rama da ya sha ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwa kuma ga mai waina, ga mai tsire a bakin tukubarsa, ga Filani mata a jere ƙarƙashin inuwa da ƙoren nono da man shanu, ka sayi furarka a dama maka nan take.

Amma ba jerin sunaye na zo yi ba, wannan aikin 'yan kwamiti ne. Abin da nake so a gane shi ne, tukunyar miyar Randagi a daji take farawa. Ɗauki daddawa. Da bazara mata da yara ke shiga su kaɗo ɗorawa, a ɓare, a fitar da garin nan rawaya da yara ke sha, a wanke kalwa a shanya. Sa'an nan a ɗora ta a wuta ta wuni ta kwana tana dahuwa, a surfe a fitar da ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta ruf a ɗaki kamar kwana uku har ta yi warin da ake nema, kana a kirɓa a shanya. Kwasfar ma ba a yar da ita, ita ce makubar da ake daɓe da ita. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma da hanci kawai take sanin ranar da za a buɗe. Haka man kaɗe: da farkon damina, tun da asuba, mata ke fita tsintar kaɗanya. Haka kuka, da tsamiyar kunu, da zuma, da ɗinya, da kanya, da itacen girkin kansa.

To, sai dajin ya zama ba namu ba. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, da na Kuyambana da ke manne da shi ta ɓangaren Zamfara, suka zama mafakar 'yan bindiga. Kowa ya ji labarin kisan da aka yi a Gwaska a watan Mayu na 2018. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta kuma sa aka katse layukan waya. Manoma suka koma sai sun biya ɓarayi kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe. Wannan duk jaridu sun rubuta. Abin da ba su rubuta ba shi ne abin da ya faru a madafa. Wace mace ce za ta fita tsintar kaɗanya da asuba alhali ana ɗauke mutane a bakin gona? Daddawa ta yi tsada, dunƙulen kanti ya maye gurbinta. Ciyayya ta ragu, domin ba mai son zaman ƙofar gida bayan duhu. Mafi ciwo duka, ƙwaryar nono ta ɓace. Bafillatanar da ta shekara da shekaru tana kawo wa kakata kindirmo, wadda suke kiran juna ƙawa, ta daina zuwa: an kore shanun rugarsu, ga kuma tsoron shiga gari, inda aka fara yi wa kowane Bafillace kallon ɓarawo. Muka koma dama fura da ruwa da garin madara. Fura ta manomi ce, nono na makiyayi ne, duk wanda ya sha wannan salamammiyar fura ya san abin da ya lalace a ƙasarmu fiye da mai karanta rahoton tsaro.

Shi ya sa kalmar nan "gargajiya" take ƙona mini rai. Abincin da miliyoyin Hausawa za su ci yau da dare, wanda wasu suka rasa rayukansu garin nomansa, shi ne muka sa wa takarda kamar gatarin mutanen da! Mutanen Senegal fa shinkafa da kifinsu suka kai gaban UNESCO, aka sa ta cikin kayan gadon duniya a 2021, kuma daddawar nan da muke toshe wa hanci suna jefa ta a girkinsu, netetu suke ce mata. Mu kuwa sai ɗalibi ya rubuta kundin digiri a kan abincin Hausawa bai taɓa zama gaban murhu ba, ya kwafo jerin da na bara ya kwafo daga na bara waccan.

Na san za a ce ina yabon talauci. A'a. Na san hayaƙin da ke cinye idanun iyayenmu mata, na san ƙudan kasuwa, na san yunwar tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, gidaje su koma tafasa. Ba na roƙon a bar kowa cikin wannan. Amma wanda bai san yadda ake yin abu ba, yaya zai sauƙaƙa wa masu yinsa? Tsofaffin da suka iya suna ƙarewa, 'yan matan da ya kamata su koya kuwa da yawansu sun yi shekarun koyon a gudun hijira a cikin garin Birnin Gwari da Kaduna.

A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta daɗe a rufe. Da na je gida bayan haka na sha fura da nonon gaske, ko da yake ba daga hannun ƙawar kakata ba, ita har yau ba wanda ya ba mu labarinta. Saboda haka ga shawarata ga kwamitin baɗi: kuɗin da aka kashe wajen hayar malfa da sayen ƙoren ado ya isa kuɗin motar ɗalibai huɗu. A tura su ƙauyukansu da littafi da abin ɗaukar magana, su zauna da masu daddawa da masu man kaɗe, su rubuto aikin daki-daki da kalmominsa, a buga a wannan mujalla. Shi kuma abokina mai tambaya, na riga na gaya wa kakata ina tafe da baƙo. Ta ce in tambaye shi ko yana cin yaji.