ƊAUKAR KURATA: INA MATSAYIN 'YA'YANMU DA AKA HAIFA A KUDU?

Ran 26 ga watan Nuwamba na 1925 ba a san da mu ba, amma ran 26 ga Nuwamba na 2025 kowa ya ji da kunnensa sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar cewa tsaron ƙasa ya shiga halin ta-ɓaci, ya kuma ba da umurni a ƙara ɗaukar 'yan sanda 20,000 a kan waɗanda aka riga aka amince da su, watau jimla 50,000 ke nan, soja su ma su ƙara ɗaukar kurata. Wannan labari ya faranta ran iyaye da yawa a Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu, domin kusan kowane gida akwai saurayin da ya gama sakandare yana zaune ba aiki. To, amma akwai wata tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu: yaron da aka haifa a nan kudu, ya girma a nan, a ƙarƙashin sunan wace jiha za a ɗauke shi?

Dalilin tambayar shi ne, ba a ɗaukar soja ko ɗan sanda bisa wurin da mutum yake zaune, sai bisa asalinsa. Tsarin mulkin 1979 shi ne ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, na 1999 kuma ya riƙe ta, har sashe na 217 ya ce lalle rundunar soja ta ƙunshi mutanen kowane ɓangare. Saboda haka kowace jiha tana da nata kaso, kuma a aikin 'yan sanda akan duba har ƙananan hukumomi 774 da muke da su. Duk mai nema dole ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, sa'an nan a jiharsa ta asali ake tantance shi.

Wannan tsari ba a banza aka yi shi ba. Ƙasar da ta ga juyin mulki har sau biyu a 1966, ta kuma yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta san illar barin bindiga a hannun ɓangare guda. Mu ba mu ce a soke shi ba. Abin da muke cewa shi ne, waɗanda suka tsara shi sun ɗauka kowane ɗan Nijeriya yana da ƙauyen da dagaci ya san ubansa, alhali kuwa a unguwanninmu akwai gidajen da tun kakanni ake fataucin goro da shanu a nan. Jikan irin wannan gida in ya je ƙaramar hukumar da aka haife shi, sai a ce masa shi baƙo ne. In ya hau mota ya tafi Kano ko Katsina, sai mai unguwa ya ce bai san shi ba. Ya zama jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi.

Abin mamaki, aikin sojan ƙasar nan a Ikko ya soma, da Hausawa kuma ya soma. A 1863 ne wani Bature mai suna John Glover ya tara wasu mutanen arewa su 18, ya kafa ƙungiyar da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga nan ne rundunar sojan Nijeriya take ƙirga tarihinta. Watau Bahaushen kudu ya riga kowa sa kakin gwamnati, amma yau jikansa ne yake rasa layin da zai tsaya.

Idan hanya ta toshe, mutane sukan bi ta daji. A ƙarshen 2023 an kama wasu samari 'yan arewa a wurin tantance kuratan soja a Ikko, bisa zargin sun ba da kansu a matsayin 'yan asalin jihar. Maganar ta ta da ƙura ƙwarai, har wasu suka riƙa cewa 'yan arewa sun zo cinye rabon masu gari. Gaskiya ɗaya ce: wanda ya yi ƙarya a kan asalinsa ya yi laifi, ya kuma ja wa dubban 'yan'uwansa da ke zaune lafiya da maƙwabtansu baƙin jini. Kada wani uba ya yarda a saya wa ɗansa takardar jabu, gama ko an ɗauki yaron, ranar da asiri ya tonu kora ce, wataƙila har da kurkuku.

Sai kuma 'yan damfara, masu cewa sun san wani babba a hedkwata, a kawo kuɗi su sayo gurbi. Hukumomin soja da na 'yan sanda sun sha nanata cewa neman shiga kyauta ne, ta intanet ake cika takarda, ba a biyan ko kwabo. Bai kamata mu manta da abin da ya faru a watan Maris na 2014 ba, sa'ad da aka karɓi Naira 1,000 daga kowane mai neman aikin shige da fice, aka cusa su a filayen wasa, mutum fiye da goma suka mutu a turmutsitsi. Yunwar aiki takan sa mutum ya miƙa wuyansa ga kowace igiya.

Su ma hukumomin suna da nasu laifi. Tun daga 2019 aka yi ta jayayya tsakanin Sufeto-Janar na 'yan sanda da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda a kan wanda ke da ikon ɗaukar kurata, har sai da Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a 2023. Duk da haka a 2024 rundunar ta ƙi amincewa da jerin sunayen da hukumar ta fitar, kafin daga baya a sasanta. Ɗan sanda kuwa ana ɗaukarsa ne tsakanin shekara 18 da 25, saboda haka kowace shekarar da aka ɓata a rigima, akwai yaran da lokacinsu ya wuce.

Hasarar ba ta tsaya a kan yaranmu kaɗai ba. Waɗanda suka ga rikicin Shagamu na 1999, da na Idi Araba na 2002, da na Mile 12 na 2016, da na kasuwar Shasha a Badun na 2021, sun san yadda ƙaramar cacar baki take zama gobara idan babu mai shiga tsakani. Yaron da ya tashi a Sabo yana jin Hausa, yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, ya san Sarkin Hausawa, ya san Baale. Ina ɗan sandan da ya fi shi dacewa da irin waɗannan wurare? Ga shi kuma a jawabin nan na 2025 Shugaban Ƙasa ya nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka domin jihar da ke so ta kafa 'yan sandanta. Jihohin Yarbawa shida sun riga sun kafa Amotekun tun 2020. Duk inda tsaro ya koma hannun jiha, maganar wane ne ɗan jiha za ta ƙara nauyi.

Saboda haka muna kira ga iyaye, tun yaro yana firamare a kai shi gida ya san dangi, a karɓo masa takardar asali ta halal, a yi masa takardar haihuwa da lambar katin ɗan ƙasa, a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kowace takarda. A kuma tsaya a kan karatunsa, domin 'yan sanda suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Sarakunan Hausawa su ma su rubuta sunayen gidajen da ke ƙarƙashinsu da garuruwansu na asali, su kai wa gwamnatocin jihohin arewa, yadda shaidarsu za ta zama abin karɓa a can. Wakilanmu na Majalisa kuwa, lokaci ya yi da za su kawo doka wadda za ta ba wanda aka haifa a jiha, ya girma a cikinta, haƙƙin neman aiki da sunanta, ko Bahaushe ne a Badun ko Bayarabe a Kano.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.